Kuɗin Wuta: A Ina Yake Maƙalewa?



Ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 2013 gwamnatin tarayyar Najeriya ta miƙa akasarin kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. Kafin wannan rana an riga an yanyanka tsohuwar NEPA, wadda aka sauya wa suna zuwa PHCN, aka raba ta gida-gida: masu samar da wuta daban, mai dakonta a kan manyan layuka daban, sai kuma kamfanoni 11 masu rarraba ta zuwa gidaje da shaguna da masana'antu. Gwamnati ta riƙe kamfanin dako, wato TCN. A kamfanonin rarrabawa kuwa ta sayar da kashi 60 cikin ɗari, ta bar wa kanta kashi 40. An ce mana 'yan kasuwa za su zo da jari, su sa wa kowa mita, su rage asara, wuta ta tsaya.

Fiye da shekara goma ke nan, har yanzu idan aka kawo wuta yaran unguwa ihun NEPA suke yi. Yau ina so mu bi sawun kuɗin, domin a ganina wanda bai gane inda kuɗin wuta yake maƙalewa ba, ba zai gane dalilin da ya sa yake kwana cikin duhu ba.

Ga yadda harkar take. Mai iskar gas yana sayar wa tashar samar da wuta gas, domin mafi yawan wutar ƙasar nan daga gas take, ragowar daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Tashar ta samar da wuta, TCN ta yi dakonta, kamfanin rarrabawa ya karɓa ya kai maka gida. Wuta daga sama take gangarowa, amma kuɗi daga ƙasa yake hawa. A duk wannan jeri, ƙofa ɗaya ce tak kuɗi yake shigowa ta cikinta, ita ce teburin kamfanin rarrabawa inda kake biyan bil ko kake sayen kati. Idan abin da ya shigo ta wannan ƙofa bai kai ba, mai tasha ba zai samu haƙƙinsa ba, shi ma ya kasa biyan mai gas, mai gas ya rage abin da yake turowa, injina su tsaya. Shi ya sa muke da tashoshin da a takarda za su iya ba da fiye da megawat 13,000, amma abin da yake isowa ga jama'a yawanci yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200.

Ka ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ya karɓo dilar atamfa bashi daga wajen uban gidansa. Kafin ya isa shago wasu turame sun zube a hanya. Wasu an zare su ta bayan shago bai sani ba. Waɗanda suka rage hukuma ta ce lallai ya sayar ƙasa da yadda ya saro, da alƙawarin za a cika masa daga baya. Cikin waɗanda suka saya ɗin ma, da yawa sun ce sai ƙarshen wata, ƙarshen watan kuma bai zo ba. Wannan mutum ko waliyyi ne, shagonsa ba zai kai baɗi ba. Halin da kamfanonin rarraba wuta suke ciki ke nan, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ramuka yana da mai shi.

Wutar da ke zubewa a hanya ita ce wadda tsofaffin wayoyi da taransifomomin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima suke cinyewa. Wadda ake zarewa ta baya ita ce satar wuta: a jawo waya daga turke cikin dare, ko a zagaye mita a haɗa na'urar sanyaya ɗaki da injin famfo kai tsaye. Sai kuma bil ɗin da aka rubuta aka kai, ba a biya ba. Idan aka haɗa ukun nan, rahotannin hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta suna nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na darajar wutar da kamfanonin suke karɓa ba ya dawowa a matsayin kuɗi. Wannan matsakaicin ƙasa ne baki ɗaya. Kamfanonin Legas biyu, Ikeja da Eko, sun fi kowa tattara kuɗinsu, yayin da a nan Arewa akwai kamfanonin da asararsu ta haura rabi.

Bari in tsaya a kan mita, domin a nan ne amana ta karye tsakanin jama'a da kamfani. Kusan rabin masu amfani da wuta da ke cikin rajista ba su da mita. Abin da ake kawo musu ƙiyasi ne kawai. Na san wani tela a wata unguwa, keken ɗinkinsa na wuta biyu ne da dutsen guga ɗaya. A watan da taransifomar layinsu ta ƙone, ya shafe makonni yana ɗinki da janareta, yana auna fetur a galan kowace safiya. Mutanen layin suka yi karo-karo, mai unguwa ya zagaya gida-gida da littafi, aka tara kuɗi aka gyara taransifomar da a doka ta kamfani ce. Ƙarshen wata sai ga takardar bil an saƙala masa a ƙofar shago, adadin bai ragu da ko sisi ba. Da masu tsani suka zo yanka, ya fito da takardar a hannu yana cewa, ku gaya mini wutar wace rana zan biya. Babu wanda ya iya ba shi amsa. Aka sasanta a gindin turke, ya ba su na goro, suka sauke tsaninsu suka tafi. Kuɗi ya fita daga aljihunsa, amma bai shiga asusun kamfani ba.

Wannan sasantawa ta gindin turke tana faruwa a dubban unguwanni kowane wata. Mutumin da aka caje shi kuɗin wutar da bai sha ba yana jin ya samu hujjar ƙin biya har ma na wadda ya sha. Kamfanin da bai tara kuɗi ba yana jin ya samu hujjar ƙara ƙiyasi a kan wanda yake biya. Kowa yana riƙe da hujjarsa, wuta kuma tana ƙara lalacewa.

An yi ƙoƙarin maganin wannan. A 2018 NERC ta fito da tsarin da mutum zai sayi mita da kuɗinsa. A 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a iya cajin marar mita, kuma a ƙarshen shekarar gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba mita kyauta da rancen Babban Bankin Najeriya, aka raba kusan miliyan ɗaya a zagayen farko, daga nan abin ya yi sanyi. Masu neman sababbin layuka suna ƙaruwa kullum, rabon mita yana tafiyar hawainiya.

Me ya sa masu kamfanonin ba su sayo mitocin da kansu ba, tunda su ne za su fi kowa cin moriya? A nan sai mun koma 2013. Yawancin waɗanda suka sayi kamfanonin ba da kuɗin aljihunsu suka saya ba. Rance suka ciyo daga bankunan cikin gida, da yawa a dala, a lokacin da dala ɗaya take wajen naira 160. Suna karɓar kuɗin wuta a naira, suna biyan bashi a dala, ga naira tana faɗuwa har ta haura 1,500 a kan dala ɗaya a 2024. Ɗan abin da ya shigo, banki ne yake fara miƙo hannu. Jarin da aka yi alƙawarin zubawa a wayoyi da taransifomomi da mitoci bai zo ba, domin tun farko babu shi. Ƙarshenta bankunan suka gaji. A ƙarshen 2021 bankin UBA ya karɓe ragamar kamfanin Abuja. A farkon 2022 hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓe na Ibadan. A watan Yulin 2022 aka rushe hukumomin gudanarwar kamfanonin Kano da Kaduna da Benin saboda bashin banki. Na Yola kuwa tun 2015 masu shi suka mayar wa gwamnati saboda rikicin Boko Haram, sai daga baya aka sake sayar da shi. A watan Janairun 2024 NERC ta sake rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna kan bashin da ya kai naira biliyan 110. Banki ya iya karɓar bashi, amma gyaran layin wuta ba sana'arsa ba ce.

Zan yi wa masu kamfanonin adalci a wuri ɗaya. Shekara da shekaru gwamnati tana hana su sayar da wuta a kan ainihin abin da aka kashe wajen samar da ita. Gas da dala ake yi masa farashi, kayan gyaran injina da dala ake shigo da su, amma farashin wuta sai a daskarar da shi, musamman idan zaɓe ya gabato, a ce gwamnati za ta cike giɓin. Tallafi ba laifi ba ne, ƙasashe da yawa suna yi. Laifin shi ne a yi alƙawarin tallafi ba a ware masa isasshen kuɗi a kasafi ba. Sai ya koma bashi yana taruwa a kan masu samar da wuta. Babban Banki ya zuba naira biliyan 213 bayan sayar da kamfanonin, a 2017 aka ƙara wani tsarin na naira biliyan 701, duk don a toshe wannan giɓi. A 2024 kaɗai tallafin wuta ya kusa naira tiriliyan 2. Zuwa 2025 kamfanonin samar da wuta suna cewa suna bin bashin kimanin naira tiriliyan 4.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Gwamnatin da take cewa talaka ya biya kuɗin wuta, ita kanta tana cikin manyan waɗanda ake bi. A watan Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da yake bi kimanin naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa, sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni a biya na fadar. A watan Maris na 2025 jami'an sojan sama suka kutsa ofishin kamfanin Ikeja a Legas bayan an yanke wa barikinsu wuta saboda bashi. Idan ma'aikacin da ya je yanke wutar bariki zai sha duka, da wane baki za a gaya wa mai markaɗe ta biya nata? Wannan cuta ba ta tsaya a Najeriya ba. A ƙarshen Fabrairun 2024 kamfanin ECG na Ghana sai da ya yanke wa majalisar dokokin ƙasar wuta ana tsakiyar zama, saboda bashi.

Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2016 ya duba ƙasashe 39 na Afirka kudu da Sahara, ya tarar a biyu ne kawai kamfanonin wuta suke mayar da cikakken abin da suke kashewa: Uganda da tsibirin Seychelles. A Uganda an ba kamfanin Umeme hayar rarraba wuta na shekara 20 daga 2005. Ya tarar da asara ta kusa kashi 38 cikin ɗari, ya sauko da ita ƙasa da kashi 20, ya sa wa kusan kowa mita mai kati, har ya zama kusan duk bil ɗin da aka rubuta ana biyansa. 'Yan Uganda sun yi ta kuka da tsadar wuta, kuma da wa'adin ya cika a ƙarshen Maris na 2025 gwamnati ta karɓe abinta. Amma ta karɓi kamfani mai tara kuɗi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na birnin Delhi a Indiya. A 2002 da aka miƙa rarraba wutar birnin ga kamfanonin Tata da BSES, fiye da rabin wutar ɓacewa take yi, kamar yadda take ɓacewa a wasu garuruwanmu yau. An yi yarjejeniya a rubuce kan yawan asarar da za a rage kowace shekara. Gwamnatin birnin ta ware kuɗin riƙon ƙwarya na shekarun farko, ta kuma biya. Aka canza wayoyin tsirara da masu rufi waɗanda ba a iya maƙala musu ƙugiya, aka sa mitoci na zamani, aka kafa kotuna na musamman kan satar wuta. Yau asarar tana ƙasa da kashi 10. A Indiyar dai, a 2015 gwamnatin tsakiya ta fito da shirin UDAY, inda jihohi suka ɗauke wa kamfanoninsu kashi 75 na bashin da ake bin su. Cikin 'yan shekaru bashin ya sake taruwa a jihohi da yawa, domin an share bashi ba a toshe inda yake fitowa ba. Wannan darasi ne da ya kamata masu shirin biyan tiriliyoyin nan namu su duba da kyau.

Yanzu mu zo kan ƙarin kuɗin wuta. Ranar 3 ga Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, daga baya aka ɗan rage zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Sharaɗin shi ne za su riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kuɗin da kamfanonin suke tarawa ya ƙaru sosai, wannan gaskiya ne. Amma wutar da ake rabawa ba ta ƙaru da yawa ba. To, idan kai ne manajan kamfani, kana da wuta kaɗan, wani layi yana biyanka ninki uku na wani, ina za ka tura ta? Mazauna unguwannin talakawa sun san amsar, sun gan ta a fankokinsu da suka daina juyawa. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da aka sa a rukunin A kuwa suka wayi gari da bil ɗin da ya fi ƙarfin kasafinsu.

Akwai kuma haɗarin da ban ji ana yawan maganarsa ba. Duk lokacin da aka ƙara farashi ba tare da wuta ta inganta ba, wanda ya fi kowa iya biya shi ne yake fara ficewa. Ka ɗaga kai ka dubi rufin gidaje da shaguna a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, faifan sola ne ko'ina. Manyan masana'antu da dama sun kafa injinansu na gas. Mai kantin magani ya sa sola da batir ya huta. Ba na ganin laifinsu, kowa yana neman abin da zai riƙe sana'arsa. Amma su ne ainihin waɗanda kuɗinsu yake riƙe da kamfanin rarrabawa. Idan suka tafi, wa ya rage a kan layi? Wanda ba shi da kuɗin sola, wanda kuma sau da yawa ba shi da kuɗin bil. Wayoyin da turakun da ma'aikatan suna nan, kuɗin kula da su bai ragu ba, sai dai kawunan da za su ɗauki nauyin sun ragu.

Wannan ya fi tsanani a Arewa. Kamfanin Kano yana riƙe da Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna yana riƙe da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Na Jos yana da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Ƙasa ce mai faɗin gaske, layuka masu tsawo, ƙauyuka a warwatse, wasu wuraren ma ma'aikaci ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga. Masaƙun Kakuri a Kaduna da suka taɓa shan wuta da yawa suna biya a kan kari sun rufe, unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano ba kamar da ba. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, aka kuma samu matsala a layin da ke hawowa ta Makurɗi, yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu walda da masu casar shinkafa suka yi asarar da babu wanda ya biya su. Kamfanin da bai samu wutar sayarwa ba shi ma bai tara komai ba a waɗannan kwanaki, amma albashi da bashin banki ba su tsaya ba.

Ra'ayina shi ne, ƙarin farashi ya kamata ya biyo bayan mita. Kada a ƙara wa mutum kuɗin abin da ba a auna masa ba. Kuɗin wutar ma'aikatu da barikoki a cire shi daga kasonsu tun daga Abuja ko daga asusun jiha kafin ya isa hannunsu, yadda ake cire bashin waje. Tallafi kuma, in za a yi, a rubuta shi a kasafi da adadinsa, a nufe shi ga mai ƙwan fitila uku da fanka ɗaya, kada mai na'urar sanyaya ɗaki shida ya fi kowa cin gajiyarsa don kawai ya fi kowa shan wuta. Masu kamfanonin su zuba sabon jari na gaske ko su sayar wa wanda zai iya. Gwamnati tana da kashi 40 a cikinsu, tana da wakili a teburin, ba 'yar kallo ba ce.

Mu ma masu shan wutar akwai namu. Wanda ya zagaye mita ba kamfani kaɗai ya cuta ba. Nauyin da ya ɗora a ɓoye shi ne yake ƙona taransifomar da gobe za a zo gidansa da gidan maƙwabcinsa neman karo-karon gyaranta. Malamanmu suna yi mana wa'azi kan tauye mudu, ya kamata su haɗa da wannan a mumbari, su kuma haɗa da ma'aikacin da yake zuwa da kansa ya yi wa mutane haɗin da daddare.

Tun 2023 doka ta canza. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris, da sabuwar dokar lantarki da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni, sun ba jihohi damar kafa hukumominsu su sa ido kan wutar da ake samarwa ake kuma rabawa cikin iyakokinsu. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024. Duk gwamnan Arewa da yake shirin bin sahu ya sani cewa tare da ikon akwai lissafi. Idan ya rage farashi don a yaba masa, giɓin a kan baitulmalin jiharsa zai faɗa. Kafin ya hau mumbari ya yi alƙawarin wuta, 'yan majalisar jiharsa da 'yan jarida su fara tambayarsa nawa kamfanin wuta yake bin sakatariyarsa da hukumar ruwan sha da asibitocin jihar, kuma a wane wata zai biya.